Binnen Gero a Shekarar da Masaƙa Ta Tsaya

Mu shida ne a soron gidanmu ranar, idan an haɗa da jinjira. Akwai ni, Asabe, wadda unguwa ke kira Inna. Akwai ɗana Sabo, wanda ya yi shekarunsa yana tsaron injin saƙa a Challawa har ranar da aka garƙame get. Akwai matarsa Rabi, tana zaune ta cikin gida jikin ƙofar soro, inda za ta ji ba a gan ta ba, da 'yarta Ummi a cinya. Akwai Ɗanjuma, ƙanin marigayi maigidana, mai gadin wani sito a Bompai. Sai Malam Nuhu, malamin firamare da ke haya a ɗakin da ke jikin soron. Abin da ya tara mu kuwa tulu ne guda ɗaya, na irin gero, da ke ƙarƙashin gadona. Za a ci shi ne, ko za a bar shi ya ga ruwa.

Bana ce ta tuno mini. Bazara ta yi tsawo, hadari sai ya haɗu a gabas da la'asar, iska ta zo ta watsa shi, a kwana ana fifita. Ga shi kuma an sake liƙe bangon gidan nan da hotunan masu neman kujera, ba wanda ya yi mini sallama kafin ya shafa gam. Ummi, waccan jinjirar, ita ce ke riƙe da biro yanzu. Ta ce in fara daga farko, kada in yi tsalle. To ga farkon.

Lokacin da aka kawo ni garin nan, daga bayan gidanmu har bakin kogi gonaki ne. Da aka zo aka auna aka kafa masana'antu, abin da ya rage wa maigidana shi ne wani ɗan tsiri mai tsawo, tsakanin katangar masaƙa da hanyar manyan motoci. Shi ya noma har ya koma ga Allah. Duk kaka ni ke zaɓen iri. In bi dami ɗaya bayan ɗaya in zare zangarniyar da ta fi tsawo da cika, in sussuka ta dabam, in gauraya da toka, in zuba a tulu in liƙe bakinsa da laka. Daga ranar ba mai taɓa shi sai shuka.

Wasu shekarun maigidana ba ya jiran ruwa, sai ya yi binne. Yaran yanzu ba su san shi ba. Binne shi ne ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ce komai ba, ya kwanta can yana jira. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi, naka ya riga na kowa fitowa. Idan kuwa yayyafi aka yi ya ɗauke, irin ya tsira ya ƙone, ka tashi ba ka da iri ba ka da shuka. Ban da tururuwa da kurciya da ke bin rami. Ni kaina ba na son binne a da. Nakan ce masa gaggawa ce.

Amma gaskiya ba tsirin ne ke riƙe da gidan ba, masaƙa ce. Tsirin yana kai mu tsakiyar rani ne kawai, albashin Sabo ya ɗauki sauran. Ni ma a jikinta nake ci. Tarkacen audugar da ake sharowa daga ƙarƙashin injina muke saye, mu da wasu mata, mu tsince zare, mu buge ƙura, mu cusa matasai da katifun yara. Ba mu da agogo a gidan nan, ba mu kuma taɓa neman sa ba. Jiniyar masaƙa ta yi da safe, a ɗora koko. Ta yi da azahar, a san masu aikin safe sun taso, a kwashe tuwo. Ko kaji sun san ta.

Ba rana ɗaya masaƙar ta mutu ba. Da farko aka janye aikin dare, aka ce wuta ba ta zama. Sannan aka ce baƙin man da ake hura tukunyar injin da shi ya yi tsada. Sannan atamfar waje ta cika kasuwar Kwari, mai sheƙi, mai araha, har ni na ga surukata ta saya. Aka fara cewa a zo yau, gobe a huta. Wata safiya Sabo ya fita da kakinsa, kafin koko ya huce ya dawo, ya rataye kakin a ƙusa. Daminar da ta gabata kuma ba ta yi kirki ba, abin da muka samu a tsirin ko sanyi bai fitar da mu ba.

Na riƙe yadda abubuwa suka riƙa fita daga gidan nan, bi da bi. Akuya ce ta fara. Sai keken Sabo. Sai tasoshin Rabi na jere, tana cire su daga kabad ɗaya bayan ɗaya, tana matso da sauran don kada gurbin ya nuna. Sai zannuwana na ƙasan akwati. Sabo ya karɓi babur na haya yana acaɓa, amma duk wanda aka kora daga aiki acaɓa ya koma, masu babur suka fi fasinja yawa a Sharaɗa, mai shi ya karɓe abinsa. Abinci ma haka ya riƙa sauka. Daga tuwo sau biyu zuwa sau ɗaya. Daga tuwo zuwa fate. Daga fate zuwa garin kwaki da ruwa, ba ƙuli ba sukari. Daga nan muka koma dusar masara, irin wadda nake saya wa akuyar da muka sayar, in tankaɗe ta sau biyu in dama. Akwai yankakkun fatu da ake zubarwa a bayan majema, mata na kwasowa su babbake su dafa. Na hana a shigo mini da su, don na san ruwan da aka jiƙa su a ciki. Daga baya na ga Rabi tana wanke wasu a bayan ɗaki, sai na juya na kalli bango.

Ga zafi. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai tun hantsi, kamar ana jifansa da tsakuwa. Randa ta koma kamar an ɗora ta a murhu. Ruwan kwatar da ke fitowa daga majemu ya kafe ya bar baƙin kumfa, warinsa ya zauna a maƙogwaro, ko ruwa ka sha sai ka ji shi. Ƙurajen zafi suka feso wa Ummi daga wuya har gadon baya. Nonon uwarta ya fara janyewa. Na san haka ba don ta faɗa mini ba, sai don na ga tana sauya wa yarinyar ɓangare sau da yawa, tana matsawa da yatsu.

A cikin wannan hali zaɓe ya taho. Mutum biyu ake magana a kansu a neman kujerar Sanata ta shiyyarmu. Ba zan kama suna ba. Mu dai a unguwa ɗaya Dakta muke ce masa, ɗayan kuma Manaja.

Dakta ba na asibiti ba ne. Malam Nuhu ya bayyana mini cewa karatun tattalin arziki ya yi har ya ƙure shi, a nan da ƙasashen waje, ya koyar a jami'a, ya kuma zauna a wani ofishi a Abuja inda ake tsara harajin kayan da ke shigowa ƙasa. Manaja kuwa karatunsa bai yi nisa ba. Da dakon zare ya fara a wata masaƙa a Bompai, ya yi ta hawa har ya riƙe tamu ta Challawa gaba ɗaya. A zamaninsa dare da rana injina ba sa hutawa, wannan kowa shaida ne. Daga baya gwamnati ta ba shi wani muƙami ya tafi, tun masaƙar tana tsaye da ƙafafunta.

Duk biyun na gan su da idona, don ba na karɓar labarin mutum daga bakin mai son sa.

Dakta a filin makaranta ya tsaya, da rana tsaka, ba lema, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Ya yi magana mai tsawo. Ya ce ciwon masaƙa ba a cikin masaƙa yake ba, yana bakin iyaka inda kaya ke shigowa, yana kuma wurin da ake raba wuta, kuma doka ce maganinsa. Ya ce, "Ba zan ce muku bana ba. Wanda ya ce muku bana, ku tambaye shi da wace wutar." Wata mata kusa da ni ta ce, "To mu me za mu ci kafin dokar ta nuna?" Bai ji ta ba. Mutane suka riƙa zamewa suna komawa inda ake rabon sabulu. Ni na tsaya har ya gama. Na lura ba ya kallon fuskar mutum, saman kawuna yake kallo. Na kuma lura bai faɗi abin da zai faranta mana ba, alhali ya san abin da muke son ji.

Manaja da yamma ya zo. Tun daga nesa ya sauka daga mota ya tako da ƙafa. Yana kiran ma'aikata da sunayensu, yana faɗin sashen da kowa ya yi aiki. Da ya iso inda nake sai ya tsaya. "Ba matar Malam Audu ba ce, mai gonar jikin katanga? Har yanzu ana cusa matasai?" Na ce babu abin cusawa. Ya tambayi maigidan, aka ce ya rasu, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a a tsaye a wurin. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ni na san inda kowace ƙusa take a masaƙar nan. Na san masu ita. Na san inda ake samo baƙin mai. Ba labari aka ba ni ba."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tankaɗen dusa, sai jiniya ta yi.

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na ga Sabo ya fizgi kakinsa daga ƙusa ya fita yana sa shi a hanya, takalmi ƙafa ɗaya. Mata suna guɗa ta kan katanga. Rabi ta durƙusa a tsakar gida tana kuka ba sauti. Da na leƙa, ga hayaƙi yana fita daga dogon bututun nan da ya yi wata da watanni tsuntsaye na kwana a kansa. Da yamma Sabo ya dawo hannunsa baƙi ƙirin da mai, yana dariya, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya ce mutanen Manaja ne suka sa aka buɗe. An sa su shara da goge injina, an ba kowa burodi. Ya kawo nasa gida bai gutsura ba. An kuma ce su hallara ranar Alhamis da safe, Manaja da kansa zai zo ya tayar da inji ɗaya a gaban kowa, don a ga abin da zai biyo baya idan ya ci.

Ranar Laraba ke nan da la'asar muka zauna a soro. Dusa ta ƙare tun jiya.

Ɗanjuma ne ya fara, don shi tsakanina da shi akwai wasa, yana faɗa mini abin da Sabo ba zai iya ba.

"Yaya, an ce kin kwanta a kan tulu kamar kaza a kan ƙwai. Har yaushe za a ƙyanƙyashe?"

"Kai da ko ƙwai ba ka taɓa ajiyewa ya kwana ba, ina ka san kwanci?"

"Na ji. Amma ga magana. Masaƙa za ta tashi. Abin da ake nema kawai abin da zai riƙe yaran nan kafin albashi ya fara. Ki fasa tulun nan a yi kunu."

Malam Nuhu ya gyara zama. "Baffa, wa ya ce za ta tashi?"

"Kunnenka bai ji jiniya ba?"

"Na ji. Amma Sanata ba inji ake tura shi ya kunna ba. Doka ake tura shi ya yi. Za a ajiye masa takarda mai kauri kamar bulo, da Turancin lauyoyi, tarkon yana can a tsakiya. Wa zai gano shi? Dakta ya zauna a inda ake rubuta irin su. Manaja zai zauna ne a zauren nan sai an ce a ɗaga hannu ya ɗaga."

"To, Malam. Siton da nake gadi a Bompai, ka san da mene ne? Masaƙa ce. Yanzu dilolin atamfar waje ne a ciki har rufi, ni ke kwana ina kore musu ɓeraye. Waɗanda suka sa hannu aka shigo da su, jahilai ne irina? Duk masu takardu ne."

"Shi ya sa ake neman mai takardar da zai kwance abin da suka ɗaure."

"Daktan naka ya taɓa biyan mutum albashi? Ya taɓa kwana da sanin cewa idan tukunya ta mutu gobe, gidajen mutane za su kwana ba wuta a murhu? Allo da alli ya sani, irinka."

Malam Nuhu bai ji haushi ba, har ya ɗan yi murmushi. "Manaja ya iya riƙe masaƙa lokacin da wuta ke nan. Ba na musu. Direba ne gwani. Amma yanzu ba mota ce ta lalace ba, gada ce ta karye. Kuma ina tambaya, me ya sa ya bar ta?"

"Don ya bar ta ne ta faɗi."

"Ko kuma ya hango za ta faɗi ne ya kauce."

Nan suka tsaya, don babu wanda ya san gaskiyar wannan a cikinsu. Suka sake komawa baya, wannan ya lissafa makarantu, wannan ya lissafa shekarun aiki, har inuwar katanga ta kai bakin ƙofa. Sabo kuwa yana ta murza bakin tabarma. Can sai ya ce, bai ɗago ba:

"Ni ban san takarda ba. Na dai san na taɓa injina da hannuna, na zuba masa mai, ya juya. Inna, kin lura Ummi ta daina kuka? Ba ƙoshi ne ya sa ta daina ba."

Na lura. Tun kafin shi na lura.

Na ce, "Malam Nuhu, in tambaye ka. Idan naka ya ci, yaushe zare zai hau inji? Kafin ruwa ko bayan ruwa?"

Ya ƙirga watanni da yatsunsa. Mutum ne da ba ya ƙarya, shi ya sa na bar shi a ɗakin ko da haya ta makara. "Inna, rantsar da su ma sai ruwa ya sauka. Doka kuma ba aikin damina ɗaya ba ce. Ba zan ce muku ga lokaci ba."

"Kai fa, Ɗanjuma?"

"Ya ce da an rantsar da shi."

"Albashin fari fa?"

"Ƙarshen watan da aka fara, mana."

"Wato lokacin da geron mutane ya kai gwiwa."

"Wanda ke da albashi ina ruwansa da gwiwar gero?"

"Hayaƙi na gani. Motar auduga ta shiga? Ni a bakin hanyar nan nake wuni."

"Haba Yaya. Ke ma in za ki yi baƙi, ai da shara kike farawa."

Wannan ma magana ce. Na juya wajen Malam Nuhu, ina zaton tunda bai yarda da jiniya ba zai tsaya a bayana. Sai ya cire hularsa ya share gumi ya ce, "Inna, ni ban yarda masaƙa za ta tashi bana ba. Duk da haka ina ganin a ci. Iri a kan samu wani. An ce ma gwamnati za ta raba."

"Na wancan karon yaushe ya iso?"

"Bayan an yi noman fari," in ji shi, a hankali.

Ka ji. Mutum uku, tun la'asar ba su haɗu a kan ɗan takara ba, amma sun haɗu a kan tuluna. Ɗanjuma ya ɗaga murya ya ce, "Rabi, ke ce mai shayarwa. Me kika ce?"

Daga bayan ƙofa ta ce, "Abin da Inna ta ce."

Na tashi na shiga na karɓi yarinyar. Ba nauyi, kamar na ɗauki faifai. Maɗigarta ta ɗan faɗa. Ta buɗe ido ta dube ni ta mayar ta rufe. Na haifi bakwai, huɗu na ƙasa, na san wannan kallon. Kada wani ya karanta wannan ya ce tsohuwar ba ta da tausayi, ko ya ce ta san abin da take yi. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne tulun nan idan an surfa an daka, ba zai kai mu ko'ina ba, kwanaki ne kaɗan a ga gindinsa. Bayan nan mu zauna da yunwa irin ta yau, ga ruwa yana zuba a kan tsiri, ba komai a cikinsa. Wanda shukarsa ta fito, ko mai awo ta unguwa tana duba gonar ta ba shi tiya ya mayar da kaka. Wanda ba shi da komai a ƙasa, gaisuwa kawai ake amsa masa.

Na kuma auna mutanen nan biyu yadda zan iya, ina tsaye da yarinyar a kafaɗa. Idan amana zan ba wa mutum in tafi, Dakta zan ba wa, don ya iya faɗin abin da ba a so. Idan aiki ne ya cije ake neman mai tayar da shi, Manaja zan kira, don hannunsa ya san ƙarfe. Har yau ban san wanda ya fi cancanta ba, kuma na daɗe ina juya abin. Amma ɗaya ya ce ba bana ba, ɗayan ya ce bana bai nuna mini auduga ba. Ni kuma abin da ke hannuna ba zai iya jiran a gane mai gaskiya ba. Na kuma san kaina. Idan tulun ya ƙara kwana biyu a ɗakina, yarinyar nan tana wannan kallon, da hannuna zan fasa shi.

Aka kira magariba. Na miƙa wa Rabi 'yarta, na koma bakin soro na ce, "Na ji ku duka. Allah ya kai mu goben."

Suka ɗauka na yarda. Ɗanjuma har da cewa, "Yau dai uwargida ta sauko." Sabo ya ce wa Rabi ta wanke turmi. Ta kwantar da shi tana wankewa, sai da ta fara cire yanar gizo-gizo daga ciki.

Da na idar da sallar asuba na jawo tulun, na ƙwanƙwashe lakar da bakin wuƙa. Ƙamshin toka da gero ya taso. Na cika ƙaramin ƙoƙo ɗaya, na rufe da faifai, na ajiye a ƙofar ɗakin Rabi. Sauran na juye a ƙwarya. Na ɗauko sungumin maigidana daga bayan ɗaki, na fita ta ƙofar baya.

Ko a wannan lokacin ƙasa ba ta huce ba, ina jin ɗuminta a tafin ƙafa. Sama fes, ba ko gizagizai. A jikin katangar masaƙa ga hotunansu nan a jere, Dakta da tabarau, Manaja yana murmushi, an liƙa wani a kan gefen wani. Na yi bisimilla na sara. Ƙasar ta yi tauri, sungumin yana tsalle. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara, ɗaya na bi yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ni kaɗai sai in sara kaɗan, in ajiye sungumi, in dawo in ɗauki ƙwarya, in bi ramukan da yatsu uku, in take, in sake komawa. Kafin in kai ƙarshen layin farko bayana ya riƙe, idona yana ganin duhu-duhu. Kurciyoyi biyu suka sauka a kan katanga suna kallona.

Ina cikin layi na biyu na ji taku a bayana. Rabi ce, da goyo, ƙafarta ba takalmi. Ta tsaya ta dubi ramukan, ta dubi ƙwaryar. Na jira ta yi magana, don tana da haƙƙin ta yi.

Ta ce, "Na dama mata. Ta sha, ta riƙe."

Sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar.

Mun yi nisa, rana ta fara cizo, sai jiniya ta yi, a kusa, har ina jin ta a haƙorana. Hanya ta cika da maza masu kaki, wasu a ƙafa wasu a acaɓa, ana ta kiran sunan Manaja. Sabo yana cikinsu. Ya hango mu ya ratso ya tsaya a bakin tsirin. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, fiye da rabin irin ya riga ya shiga ƙasa.

"Inna, me kika yi mana?"

"Je ka, kada a rufe get."

Ya dubi matarsa. Ba ta ɗago ba, tana take rami. Jiniyar ta sake yi. Ya juya ya bi mutane, yana tafe yana waiwaye.

Rabi ta gyara goyonta ta ce, "Inna, ku ci gaba da sara. Rana na yi."

Na tofa yawu a tafin hannu na ɗaga sungumin.